Yarinyar da takarda ta ce marainiya ce: nazarin wani riƙo daga Habasha zuwa Ohio

Asalin lamarin, 2009 zuwa 2010

Matar ma'aikaciyar jinya ce, mijinta malamin sakandare, dukansu Turawan Amurka, suna zaune a wani matsakaicin gari a jihar Ohio. Shekararsu tara da aure, ta yi ɓari uku, na ƙarshe cikin ya kai wata biyar. Daga nan likita ya ce mata ta haƙura da neman haihuwa. Ni maƙwabciyarsu ce, gida huɗu ne tsakaninmu. Ina kitso a gida ranar Asabar, kuma ta wannan ƙofa na shiga labarin, ko da yake sai can gaba. Ba zan ambaci sunan kowa ba.

Riƙon da suka nema ba irin namu ba ne. Shi wannan kotu ce ke mayar da yaro ɗanka, ya ɗauki sunanka, ya ci gadonka, a sake masa takardar haihuwa. Shi ne malamai ke kira tabanni. Zan ci gaba da cewa riƙo, amma a riƙe wannan bambanci.

A 2004 yaran da Amurkawa suka ɗauko daga ƙasashen waje sun kusa 23,000 a shekara guda, daga nan adadin ya fara sauka. Sin ta tsaurara sharuɗɗanta a 2007. Gwatemala ta rufe ƙofa a 2008 bayan zarge-zargen cinikin jarirai. Sai kamfanonin da ke shiga tsakani suka juya akala zuwa Habasha, inda takardu ke saurin fita kuma kuɗin bai kai na sauran wurare ba. A 2010 yara kusan 2,500 suka shiga Amurka daga Habasha, Sin ce kaɗai ta fi ta. Habasha ba ta cikin Yarjejeniyar Hague ta 1993, wadda ta tanadi cewa kada a fitar da yaro daga ƙasarsa sai an nemi mai riƙe shi a gida an rasa, kuma a tabbatar iyaye sun amince da saninsu, ba don an ba su kuɗi ba. Ma'auratan sun ga wannan a rubuce. Kamfanin da suka zaɓa ya ce musu yana da nasa tsarin tantancewa, suka yarda.

Shekarar 2010 ta tafi a takardu. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta zo gida sau uku, ta duba ɗakuna, ta tambaye su yadda aka rene su da yadda suke faɗa idan sun saɓa. An ɗauki zanen yatsunsu, an binciki lafiyarsu da albashinsu. Duk abin da suka kashe, har da jirgi da masauki, ya haura dala 30,000, rabinsa rance. Sun ce suna son yarinya mai shekara uku zuwa biyar, domin an gaya musu jarirai kowa ke so, manya kuwa su ke daɗewa a gidan marayu.

Jira, 2011

A farkon shekara aka turo musu hoto ɗaya da takarda mai shafi uku. Yarinya ce siririya, an aske mata kai, tana riƙe da allo mai lamba. Takardar ta ce shekararta uku da 'yan watanni, daga yankin Sidama a kudancin ƙasar, uwa da uba duk sun rasu, kawunta ne ya kawo ta domin ba shi da halin ciyar da ita. Matar ta buga hoton gida huɗu: ɗaya a jikin firji, ɗaya a mota, ɗaya a wurin aiki, ɗaya a ƙarƙashin matashinta. Ta ce min daga wannan dare ta daina barci sosai, domin duk lokacin da ta ci abinci sai ta tuna akwai 'yarta a wata duniya da ba ta san ko ta ci ba.

A watan Maris na 2011 ma'aikatar harkokin mata da yara ta Habasha ta sanar da cewa za ta rage takardun riƙo da take dubawa zuwa biyar a rana, alhali a da tana duba kusan hamsin. Dalilin da ta bayar shi ne rahotannin maguɗi. Takardunsu na cikin waɗanda suka maƙale. Kafin layi ya iso kansu sai ga damina, kotunan Habasha kuma suna hutu daga watan Agusta har cikin Oktoba. Wata tara suka yi suna kallon hoto.

A wannan tsakani ta gyara ɗaki, ta sayi kaya na 'yar shekara huɗu, ta haddace kalmomi kusan ɗari na Amharik, harshen gwamnatin Habasha, daga wani ƙaramin littafi: ruwa, abinci, banɗaki, zo, ina son ki. Mijin ya ɗauki aikin koyarwa na yamma don biyan rance. Sun yi faɗa sau da yawa kan abin da bai kai ya kawo ba. A watan Mayu na shekarar wata yarinya 'yar Habasha ta mutu a hannun mariƙanta a jihar Washington saboda yunwa da sanyi da duka. Da labarin ya bazu, matar ta yi kwana biyu ba ta je aiki ba.

Kotu da biza, ƙarshen 2011 zuwa farkon 2012

Tun 2010 Habasha ta wajabta wa masu riƙo su bayyana da kansu a gaban alƙali a Adis Ababa, don haka tafiya biyu ake yi. A ta farko suka ga yarinyar a gidan da kamfanin ke ajiye yara kafin su tafi. Ba ta yi ƙiwuya ba ko kaɗan. Ta rugo ta haye cinyar mijin, ta cire masa tabarau, ta yi dariya. Suka ce Allah ya haɗa jininsu. Matar ta gwada Amharik ɗinta, yarinyar ta yi shiru tana kallon bakinta. Sai a lokacin wata mai raino ta ce ai yaren Sidama take ji, Amharik ɗin 'yan kalmomi ne ta tsinta a nan.

Zaman kotu bai kai minti goma ba. Alƙaliya ta tambaye su ko sun ga yarinyar, ko sun san abin da suke yi ba ya warwaruwa. Suka ce e. Ta ce ta zama tasu.

Washegari aka kai su Hawasa, tafiyar kilomita kusan 275 kudu da Adis Ababa, su gana da kawun. Magana tana bi ta bakin tafinta biyu, daga Sidama zuwa Amharik, daga Amharik zuwa Turanci. Matar ta tambayi me ya kashe uwar. Kawun ya yi magana mai tsawo, kansa a sunkuye. Abin da ya iso kunnenta bayan tafinta biyu shi ne: rashin lafiya. Ta rubuta a littafinta, ta wuce tambaya ta gaba.

Suka koma Ohio ba tare da ita ba, domin sai ofishin jakadancin Amurka ya gamsu cewa ta cika sharaɗin maraici kafin ya ba da biza. A lokacin ofishin ya tsananta bincike, yana tura takardun da bai gamsu da su ba zuwa ofishin shige da fice na Amurka da ke Nairobi. Nasu bai je can ba. An kira kawun, ya maimaita abin da ke takarda, aka sa hannu. Bayan sati goma suka koma suka ɗauko ta. Da yake sun gan ta kafin hukuncin kotu, ranar da ta sauka a Amurka ta zama 'yar ƙasa, bisa dokar da aka kafa a 2000.

Wata shida na farko

Mutum fiye da talatin suka tarye su a filin jirgi da balan-balan. Ta bi kowa, ta rungumi kowa. Kakanni suka ce ba su taɓa ganin yarinya mai son mutane irinta ba.

Sati uku aka yi cikin daɗi. A na huɗu abubuwa suka fara fitowa. Nauyinta kilo 14 ne, ga zawo da ba ya tsayawa. Tana ci har ta yi amai, ta dawo ta ci gaba. Matar tana gyaran gado sai ta tarar da burodi ya yi funfuna a cikin rigar matashi, ga ayaba a cikin takalmi, ga cinyar kaza a bayan labule. Da dare takan farka da ihu, ido a buɗe amma ba ta ganin kowa, sau biyu ko uku kafin asuba. Fitsarin kwance kullum. Da rana kuma abu kaɗan, kamar a ce ta sa takalmi, sai ta faɗi ƙasa tana birgima, tana cizo, tana buga kai a bango. Matar, da yake ma'aikaciyar jinya ce, ta riƙa rubutawa: a wata na uku irin wannan bori yana zuwa sau huɗu zuwa biyar a rana, mafi tsawo ya ɗauki awa biyu da minti ashirin.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne duk wannan a kanta yake sauka. Yarinyar tana wasa da mijin, tana bin mai kawo wasiƙa har bakin titi, a kanti ta kama hannun baƙuwa ta bi ta. Ita kuwa da ta kai hannu sai a ture. An koya mata ta ce Mama, ta ƙi. Sai ta kira ta da sunanta na yanka, yadda ta ji mijin yana kira.

Kafin wata shida yaren Sidama ya bar bakinta, Turanci kuma bai zauna ba tukuna. Akwai makonnin da ba ta da harshen da za ta ce ga abin da ke damunta.

Abin da aka gwada bai yi ba

Sun fara da abin da iyayensu suka yi musu kuma littattafan reno suka ce. Idan ta yi laifi a kai ta ɗaki ta zauna ita kaɗai na 'yan mintoci. Da an ja ƙofa sai ihun ya sauya, ya koma na tsoro, har ta yi fitsari a tsaye. Suka liƙa takarda a bango, duk ranar da ta yi kirki a manna mata tauraro. Ta yage takardar a rana ta uku. Suka sa kwaɗo a ɗakin ajiyar abinci don ta daina ɓoyewa, sai ta koma tonon kwandon shara. Suka sa ta makarantar 'yan shekara huɗu, malamar ta ce tana mulkar yaran, tana goya su, tana ƙwace musu abincin rana ta raba yadda ta ga dama.

Suka kai ta cocin 'yan Habasha a birni mafi kusa, da niyyar ta ga 'yan'uwa. Tana jin Amharik ta shige ƙarƙashin benci ta ƙanƙame ƙafar mijin. Sai bayan shekaru ta faɗa cewa ta ɗauka an kawo ta ne a mayar.

Akwai kuma maganar da suke yi mata kowane dare, da kyakkyawar zuciya. Sukan ce mamanta ta farko tana sama wurin Allah, tana kallonta, tana murna da ta sami gida. Duk daren da aka yi wannan magana, ihun ya fi tsanani. Sun lura, amma suka ɗauka baƙin cikin mutuwa ne, suka ƙara yawaita ta don ta saba.

Ita matar ta rame. Takan zauna a mota a bakin gida minti ashirin ba ta iya shiga. Ta ce min daga baya babu abin da ya kai kunyar ta duba zuciyarta ta ga ba ta jin son yarinyar da ta yi wajen shekara guda tana kuka a kan hotonta. Ba ta gaya wa kowa ba, domin kowa cewa yake sun yi aikin lada. A lokacin Habasha tana buƙatar rahoto a wata na uku, na shida, na goma sha biyu, sannan duk shekara har yaro ya kai 18. A rahotanni biyu na farko ta ce komai lafiya.

Famfara da kitso, wata na takwas zuwa na goma

Abu biyu suka faru kusa da juna.

Na farko, yarinyar ta yi famfara. Haƙoran gaba na ƙasa suka fita, likitan haƙori ya duba ya ga turamen dindindin na farko sun riga sun fito, waɗanda galibi sai wajen shekara shida suke tsirowa. Aka tura su wani asibitin yara da ke da sashen yaran da aka ɗauko daga waje. Aka ɗauki hoton ƙashin hannunta, aka haɗa da haƙori da tsayin da ta ƙara cikin wata takwas, aka ce ta girmi takardarta da kusan shekara biyu. A nan ne kuma aka gano ƙwayar cutar hanji da ake kira jiyardiya, aka ba ta magani zagaye biyu, zawon ya tsaya.

Na biyu ya faru a falona. Gashinta ya fito ya cukurkuɗe, matar ba ta san yadda za ta yi da shi ba, sai ta ƙwanƙwasa min ƙofa wata Asabar, idonta ja. Na shimfiɗa tabarma, na zaunar da yarinyar tsakanin ƙafafuna, na shafa man kaɗanya, na fara tsaga da kibiya. Na yi zaton za a yi kokawa. Ko motsi ba ta yi ba. Ta kwantar da kanta a cinyata yadda duk yarinyar da ta saba kitso take yi, har tana juya wuya kafin in ce ta juya. Ina cikin layi na biyar ta ce, da guntun Turancinta:

“Anti, mamana ma haka take yi. Amma ita tana ja da zafi.”

Na ce, “Allah sarki. Kin tuna ta?”

Ta ce, “Tana gida. Tana da jariri. Ta raka ni wurin mota.”

Matar tana zaune a kujera da kofin shayi. Ta ce a hankali, “'Yata, mun yi maganar nan. Mamanki tana sama.”

Na ji wuyan yarinyar ya sandare a hannuna. Ba ta ƙara cewa uffan ba har na gama.

Da suka tashi tafiya na riƙe matar a bakin ƙofa. Na ce mata, “'Yar'uwa, ni ma 'yar riƙo ce. Ina shekara biyar aka kai ni wurin goggona a Katsina, kuma har yau ina iya gaya miki launin zanen da uwata ta ɗaura ranar. Yaro mai shekara biyar ba ya mance wanda ya raka shi mota.” Ta ce ai takarda ta ce shekararta uku a lokacin. Na ce ai haƙori ya ce biyar. Ta tsaya tana kallona, kofin yana rawa a hannunta.

Bincike, 2013

Wata uku ta yi ba ta ɗauki mataki ba, kuma ba ta ɓoye dalili: tsoro take ji a ce mata 'yar da take riƙe da ita ta wata ce. Ta rubuta wa kamfanin, suka amsa cewa yara kan ƙirƙiri irin wannan labari. Mijin ne ya ce a nemi mai bincike mai zaman kansa. A lokacin irin waɗannan mutane sun yawaita a Habasha, galibi tsofaffin direbobi da tafintoci da suka san hanyoyin karkara. Suka biya ɗaya dala 'yan ɗaruruwa, suka ba shi sunan ƙauye da hoton yarinyar.

Kwana biyu ya yi. Bai ma sha wahala ba: yana nuna hoton a bakin kasuwa aka raka shi gidan. Ya turo bidiyo na minti arba'in. Bukka ce mai rufin ciyawa a tsakiyar gonar enset, tsiron nan mai kama da ayaba wanda ake kankare jikinsa a binne a rami ya yi tsami, shi ne tuwon mutanen yankin. Wata mata ta fito da yaro a gefenta. Da aka miƙa mata hoton ta faɗi ƙasa, ta ɗora shi a fuska. Gani ya kori ji; goshinsu ɗaya, giɓin haƙorinsu ɗaya.

Ga abin da ta faɗa. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar da ciki. Bayan an yi makoki wani mutum daga gidan marayu ya riƙa zagaya ƙauyen yana cewa akwai Turawa masu ɗaukar yara su yi karatu, za a riƙa turo hoto da taimako, yaro ya girma ya dawo. Ta zaɓi wannan 'yar saboda ta fi sauran wayo. Yayan uwar, wato kawun nan, shi ne ya je gari ya dangwala yatsa. Ba ta iya karatu ba, ba ta san an rubuta ta a matacce ba, ba ta san an rage shekarun ba. Rahotannin da ake turawa Habasha ko ɗaya bai kai gare ta ba. Fiye da shekara biyu ba ta san ko 'yarta tana raye ba.

Dokar Amurka ba ta hana a ɗauko yaron da uwarsa ke raye ba, idan uba ya rasu, ita kuma ba ta da hali, ta sallama shi a rubuce har abada. Amma wannan yana buƙatar a kira uwar a yi mata bayani, kuma uwar da ta fahimci ma'anar har abada tana iya cewa a'a. Matacciya ba a kiranta.

Abin da ya biyo baya, 2013 zuwa 2015

Kafin su nuna wa yarinyar bidiyon suka sami mai ba da shawara da ta ƙware a kan yaran da aka raba da iyayensu. Ita ta fara da uwar riƙon, ta tura ta likita, aka tabbatar tana fama da ciwon damuwa, aka sa ta a magani. Sannan ta juya kusan duk abin da suke yi. Aka cire kwaɗo, aka ba yarinyar kwando nata na kanta da abinci a ciki dare da rana, ba mai taɓawa. Aka daina kai ta ɗaki ita kaɗai. Idan bori ya tashi matar ta zauna a ƙasa kusa da ita, ba faɗa, ba lallashi mai yawa, har ya wuce. Aka sa katifa a ɗakin iyayen. Aka roƙi dangi da maƙwabta su daina ɗaukarta da ba ta abinci, duk abin da take so a ce ta je wurin uwarta. Ni kaɗai aka bari da kitso, shi ma da sharaɗin matar ce za ta riƙa shafa mai da tsefewa. Na koya mata kalaba, hannunta na rawa, layin a karkace, yarinyar tana gyara mata.

Ranar da aka nuna bidiyon matar ta durƙusa a gabanta ta ce, “Kin faɗa mana gaskiya, ba mu yarda ba. Mamanki tana raye. Ki yafe mana.” Yarinyar ta kalli bidiyon sau uku a jere, ta taɓa fuskar talabijin, ta kira sunayen yayyenta ɗaya bayan ɗaya. Ba ta fahimci ko jimla ɗaya daga abin da uwarta ke faɗa ba, sai da aka karanta mata fassara. Wannan ya sa ta kuka fiye da komai.

Abin ya fara da taɓarɓarewa. Wata uku ta yi tana cewa sun sace ta, ta haɗa kaya a jakar makaranta sau biyu ta kama hanya. Ma'auratan sun zauna da lauya sun yi tambayar da ta fi kowace nauyi, ko su mayar da ita. Hukuncin kotu ya riga ya tabbata, ta zama Ba'amurkiya, Habasha ba ta yarda da zama ɗan ƙasa biyu ba, harshe kuma ya tafi. Duk da haka suka sa mai binciken ya koma ya tambayi uwar kai tsaye, ba tare da kawun a wurin ba. Ta yi shiru mai tsawo. Ta ce a bar ta ta yi karatu, amma ta riƙa jin muryarta, kuma a kawo ta ta gan ta kafin ta mutu.

Suka saya mata waya. Aka tsayar da kira duk Lahadin farko ta wata, da wani ɗalibi ɗan Sidama da suka samo yana tafinta. Suka ɗauki kuɗin makarantar sauran yaran, bayan doguwar muhawara tsakanin mata da miji, domin shi yana tsoron kada maƙwabtan uwar su ga taimakon su ce ashe maganar dillalin gaskiya ce, su ma su ba da nasu. Suka bi ta hannun makarantar kai tsaye. A 2014, da Amurka ta kafa dokar da ta wajabta wa hukumomin tarayya su amince da ranar haihuwar da kotun jiha ta gyara wa irin waɗannan yara, suka gyara shekarunta, aka daidaita ajinta a hankali.

Littafin matar ya nuna yadda abin ya sauka. Wata shida bayan bidiyon, bori ya koma sau biyu a sati. Bayan shekara guda, sau ɗaya ko biyu a wata, galibi a daren da aka yi waya. Fitsarin kwance ya tsaya. Kwandon abinci ya yi shekara biyu a gefen gadonta kafin ta mayar da shi kicin da kanta. Kalmar Mama ta fito ne wata rana a kanti, ba shiri, tana neman a saya mata takalmi.

Komawa, 2019

A watan Afrilu na 2017 gwamnatin Habasha ta dakatar da bai wa baƙi yara, a watan Janairu na 2018 majalisa ta haramta shi gaba ɗaya. Kafin nan yara fiye da 15,000 sun tafi Amurka daga ƙasar. Kamfanin da ya yi musu aiki ya riga ya rufe.

Tana shekara 13 suka kai ta. Ƙauyen duka ya fito. Uwar ta shinshina wuyanta, ta duba bayan kunnenta tana neman wani tabo, ta same shi. Aka yanka akuya, aka dafa gahawa zagaye uku. Da aka kawo abincin enset yarinyar ta kai loma ɗaya ta tsaya cak, ta ce ta san wannan ɗanɗano. Kwana huɗu suka yi. Ba duka ne daɗi ba: ta ga ƙanwarta tana ɗebo ruwa ba takalmi, ta ji nauyin kayan jikinta, yayyenta kuma suna yi mata kallon baƙuwa mai kuɗi. Kawun bai zo ba. Da suka dawo Ohio ta yi wata biyu ba ta son magana da kowa, aka koma wurin mai ba da shawara.

Yadda nake ganin lamarin

Horon da ya gaza, ya gaza ne domin an gina shi a kan yaron da ya san ba za a yar da shi ba. Wadda aka raka mota aka juya, idan ka rufe ta a ɗaki ka tabbatar mata da abin da take tsoro. Wadda ta san yunwa, kwaɗo a ƙofar abinci ba ya koya mata ƙoshi. Kwando da katifa da zama a ƙasa sun yi aiki, kuma ina ganin da su kaɗai ma da an sami sauƙi.

Amma ban yarda da sun isa ba. Yarinyar nan ta yi kusan shekara guda ana gaya mata kowane dare cewa abin da ta gani da idonta bai faru ba. Ta ƙi cewa Mama domin a wurinta kujerar da mai ita, kuma karɓar sabuwa yana nufin ta yarda an binne ta farko. Sai da aka mayar mata da uwarta sannan ta sami wurin ajiye ta biyu.

Uwar da ke Sidama riƙo ta bayar irin wanda muka sani, wanda ɗa na kowa ne amma kowa ya san wanda ya haife shi. Dokar iyali ta Habasha ta 2000 da kanta ta ce yaron da aka ɗauka yana nan da dangantakarsa da gidansu na asali. Turawan kuma abin da suka karɓa a takarda yankewa ce. Tsakanin waɗannan fahimta biyu akwai mutanen da ake biya a kan kowane yaro, kuma su ne kaɗai suke jin harsunan biyu. A kansu nake ɗora mafi yawan laifi. Ma'auratan ma suna da nasu kaso, kuma matar ba ta musu: ta ji kawun ya yi dogon bayani an ba ta kalma biyu, ta ga alamar, ɗoki ya hana ta tsayawa. Ina girmama ta domin da gaskiya ta zo, ta durƙusa wa yarinya ƙarama.

Namu riƙon ma ba tsarkakakke ba ne. Na san 'yan riƙon da aka mayar bayi a gidan dangi. Abin da ya tsare ni a gidan goggona shi ne ba a taɓa sauya min sunan uba ba, kamar yadda aya ta biyar ta Suratul Ahzab ta yi umarni, kuma duk Sallah ana kai ni gida.

Mutanen Habasha ma, kamar mu, sunan uba suke sa wa yaro a bayan nasa. A 2024, da ta cika 18, yarinyar ta shigar da takarda a kotun gundumarsu ta nemi a mayar mata da sunan mahaifinta a tsakiya, ta bar na mariƙinta a ƙarshe. Su biyun suka raka ta. Tana karatun jinya yanzu, tana koyon yaren Sidama ta waya wurin ƙanwarta, kuma har yanzu akwai Lahadin da take ƙin ɗaukar kiran. Ranar da za a je kotun, tun da sassafe ta zo na yi mata shuku, uwar riƙonta tana zaune a gefe tana miƙo min mai.